Mai Shari'a Jane Restani da Kotun Cinikayya ta Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Kafin ranar 28 ga Mayun 2025, ko a cikin Amurka ba kowa ya san akwai wata kotun tarayya da ba ta da aiki sai shari'ar kuɗin fito da kayan da ake shigowa da su ba. A ranar ne alƙalai uku na wannan kotu suka yanke cewa Shugaba Donald Trump ba shi da hurumin ɗora harajin da ya ɗora wa kayan kusan dukkan ƙasashen duniya. Ɗaya daga cikin ukun, Jane Restani, ta riga ta shafe sama da shekara 41 a kan kujerar kafin wannan rana. Tambayoyin nan sun bi sawun aikinta, da irin kotun da ta yi wa hidima.

Wace ce Jane Restani, kuma ta wace hanya ta biyo?

An haife ta a birnin San Francisco na jihar Kalifoniya a 1948. Ta yi digirinta na farko a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ta gama a 1969, sannan ta karanta lauya a reshen jami'ar da ke Davis, ta kammala a 1973. A Amurka ba a shiga karatun lauya kai tsaye daga sakandare, sai mutum ya fara yin digiri a wani fanni tukuna.

Tana gamawa ta kama aiki a Ma'aikatar Shari'a ta tarayya da ke Washinton, a sashen da ke kare gwamnati a shari'o'in da ba na laifi ba. Shekara goma ta yi a wurin, tun tana ƙaramar lauya mai zuwa kotu da fayil a hannu har ta kai darakta a reshen shari'o'in kasuwanci. A watan Nuwamban 1983 Shugaba Ronald Reagan ya gabatar da sunanta, Majalisar Dattawa ta amince, ta zama alƙaliya tana da shekara 35. Ta shugabanci kotun daga 2003 zuwa 2010.

Wace irin kotu ce wannan?

Sunanta Kotun Cinikayya ta Ƙasa da Ƙasa ta Amurka, amma ba kotun duniya ba ce, kuma ba ta da alaƙa da Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya da ke Geneva. Kotun Amurka ce, dokar Amurka take aiki da ita, mazauninta yana kudancin Manhattan a birnin New York, inda tashar jiragen ruwa mafi hada-hada ta ƙasar take a wancan zamani da aka assasa ta.

Asalinta wani kwamitin masu ƙiyasta darajar kaya ne da aka kafa a 1890 domin sauraren koke-koken 'yan kasuwa a kan jami'an kwastan. A 1926 aka mayar da shi Kotun Kwastan. A 1956 Majalisa ta tabbatar mata da matsayin cikakkiyar kotun tarayya a ƙarƙashin kundin tsarin mulki, wato alƙalanta su riƙe muƙami har iya rayuwarsu kuma ba mai ikon rage musu albashi. A 1980 aka faɗaɗa huruminta, aka ba ta sunan da take amsawa yanzu. Ke nan lokacin da Restani ta zo, sabuwar kotun shekararta uku kacal, yawancin ƙa'idojin aikinta ba su gama zama ba, kuma ita da takwarorinta ne suka shimfiɗa su ta hanyar hukunce-hukunce.

Kujerun alƙalai tara ne, kuma doka ta ce kada waɗanda suka fito daga jam'iyya ɗaya su wuce biyar. Huruminta ya game ƙasar baki ɗaya: ko a wace tasha aka tare kayanka, nan za ka kawo ƙara, kuma alƙalin na iya tashi ya je ya zauna a garin da ya fi sauƙi ga masu shari'ar. Wanda bai gamsu da hukunci ba sai ya tafi kotun ɗaukaka ƙara ta musamman da ke Washinton, wadda aka kafa a 1982, daga can kuma sai Kotun Ƙoli.

Sai mutum ya yi alƙalanci a ƙananan kotuna kafin ya kai nan?

A'a. Restani ba ta taɓa zama a kujerar alƙali ko ta kwana ɗaya ba kafin 1983. Shugaban ƙasa ne ke zaɓa, Majalisar Dattawa ta tantance ta kaɗa ƙuri'a. Kundin tsarin mulkin Amurka bai ƙayyade yawan shekarun da mutum zai yi yana lauya ba. Wannan ya sha bamban da Najeriya, inda alƙalin Babbar Kotun Tarayya sai ya shekara goma da zama lauya, kuma Majalisar Shari'a ta Ƙasa ce ke miƙa sunansa ga shugaban ƙasa.

A aikace, masu zuwa wannan kotu galibi sun fito ne daga Ma'aikatar Shari'a, ko Ma'aikatar Kasuwanci, ko ofishin wakilin cinikayya na Amurka, ko kwamitocin Majalisa, ko kamfanonin lauyoyi masu aikin kwastan.

Wadda ta yi shekara goma tana kare gwamnati, ba za ta riƙa karkata gare ta ba?

Tambaya ce mai kyau, domin kusan duk shari'ar da ke zuwa wannan kotu gwamnatin Amurka tana ciki, yawanci a matsayin wadda ake ƙara. Lauyoyin da ke tsayawa gabanta a madadin gwamnati daga reshen da ta taɓa shugabanta suke fitowa. Amma tarihin hukunce-hukuncenta bai nuna karkata ba. Ta yanke hukunci a kan gwamnatin Clinton, ta yanke a kan ta Obama, ta yanke a kan ta Trump a wa'adinsa na farko da na biyu, alhali shugaba ɗan jam'iyyar Republican ne ya naɗa ta. A ganina wancan gogewa ma amfani ya yi mata: wadda ta san yadda ma'aikata ke haɗa takardun kare kai daga ciki ta fi saurin gane inda hujja ta ƙare aka koma cike gurbi da dogon turanci.

Mene ne aikin alƙalin wannan kotu na yau da kullum?

Yawancinsa karatu ne da rubutu, ba hayaniyar shaidu ba. Shari'o'in sun kasu gida biyu manya.

Na farko rikici ne tsakanin mai shigo da kaya da hukumar kwastan a kan ajin da aka saka kayan ko darajar da aka ƙiyasta musu. Jadawalin kuɗin fito na Amurka yana da dubban layuka, kowane da nasa kaso, don haka sauya layi ɗaya na iya zama bambancin miliyoyin daloli a shekara. Ɗan kasuwa zai fara shigar da ƙorafi a gaban kwastan cikin kwana 180, ya biya kuɗin da aka yanka masa, in an yi watsi da ƙorafin sannan ya zo kotu. A irin wannan shari'a alƙali na duba maganar daga tushe, har a kawo masa samfurin kayan ya juya shi a hannu. Sananniya daga cikinsu ita ce ta kamfanin Toy Biz a 2003, wadda abokiyar aikinta Judith Barzilay ta yanke. Kuɗin fiton 'yar tsana mai siffar mutum a lokacin da aka shigo da kayan kashi 12 cikin 100 ne, na sauran kayan wasa kuma kashi 6.8. Kamfanin ya ce mutum-mutumin jaruman tatsuniyar zane ta X-Men da yake shigowa da su ba siffar 'yan Adam ba ne, alƙaliyar ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta yarda da shi.

Na biyu, wanda ya fi cin lokaci yanzu, shi ne harajin kare masana'antun cikin gida. Idan aka zargi kamfanonin wata ƙasa da karya farashi a kasuwar Amurka, ko da samun tallafin gwamnatinsu, Ma'aikatar Kasuwanci ce ke lissafa girman karyewar farashin ko tallafin, wata hukuma daban kuma ta duba ko masana'antun Amurka sun cutu. A nan alƙali ba ya sake bincike da kansa. Zai ɗauki tarin takardun da ma'aikatar ta dogara da su ya tambaya: akwai gamsasshiyar hujja a ciki, kuma an bi doka? In ya ga giɓi sai ya mayar wa ma'aikatar da aikin ta gyara. Shari'a ɗaya na iya kai-komo sau uku ko huɗu cikin shekaru. Ƙarfe, katako, zuma, jatan lande, tayoyi, farantan hasken rana, duk sun bi ta wannan ɗaki.

Akwai kuma ƙananan fannoni: lasisin dillalan kwastan, tarar da gwamnati ke nema daga masu ƙarya a takardun shigo da kaya, da ma'aikatan da suka rasa aiki saboda gasar kayan waje.

Wace babbar shari'a ce ta fara fito da sunanta?

Ta harajin gyaran tashoshin jiragen ruwa. A 1986 Majalisa ta ƙirƙiro wani kuɗi da ake karɓa bisa darajar kayan da suka bi ta tasha, daga baya aka ɗaga shi zuwa kashi 0.125 cikin 100. Ana karɓa daga masu shigo da kaya da masu fitarwa duka. To amma kundin tsarin mulki ya haramta ɗora haraji a kan kayan da ake fitarwa daga ƙasar. Gwamnati ta ce wannan ba haraji ba ne, ladan amfani da tasha ne. Kamfanin United States Shoe ya kai ƙara, kuma a 1995 alƙalai uku, har da Restani, suka ce haraji ne, tunda da darajar kaya ake auna shi ba da yawan amfanin da jirgi ya yi da tashar ba. A watan Maris na 1998 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan ba tare da ko alƙali ɗaya ya saɓa ba.

Wahalar ta biyo baya ne. Dubban kamfanoni suka zo neman a mayar musu da kuɗinsu, kuma Restani ce ta ɗauki nauyin tsara yadda za a yi: wa ya cancanta, daga wace shekara, da wace takarda. Aiki ne da ba ya shiga jarida, amma shi ne ke sa hukunci ya zama kuɗi a hannun wanda aka zalunta.

An ce wani hukuncinta ya sa Majalisa ta sauya doka. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, a shari'ar kamfanin tayoyi na GPX. Shekaru da dama Ma'aikatar Kasuwanci ba ta ɗora harajin ramuwar tallafi a kan ƙasashen da take ɗauka gwamnati ce ke juya kasuwarsu. A wajen 2007 ta sauya, ta fara ɗora wa kayan China haraji biyu lokaci guda: na karya farashi da na tallafi. Matsalar ita ce, wajen lissafa na farko ma'aikatar ba ta amfani da farashin cikin China, sai ta aro farashi daga wata ƙasa kamar Indiya, wanda babu tallafin China a cikinsa. Ke nan an riga an goge tasirin tallafin sau ɗaya, sai kuma a zo a sake cajinsa.

A 2009 Restani ta ce wannan hanya na iya ƙirga abu ɗaya sau biyu, ta umarci ma'aikatar ta nemo yadda za ta kauce wa hakan. Da gyaran bai gamsar da ita ba, a 2010 ta ce a janye harajin tallafin daga kan tayoyin. A Disambar 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta tsallake ta ma, ta ce doka ba ta yarda a ɗora wa irin waɗannan ƙasashe harajin tallafi ba sam. Majalisa ta tashi tsaye, cikin 'yan watanni ta zartar da sabuwar doka, Shugaba Obama ya sa hannu a Maris ɗin 2012. Dokar ta halatta harajin, amma ta wajabta wa ma'aikatar ta rage inda aka nuna an ƙirga sau biyu, wato ainihin abin da alƙaliyar ta nuna tun farko. Da kamfanin ya dawo yana ƙalubalantar sabuwar dokar, ita ɗin ce a 2013 ta ce dokar ba ta saɓa wa kundin tsarin mulki ba. Wannan ɓangare na biyu ya fi burge ni. Majalisa ta yi magana, ikon nata ne, alƙaliyar ta bi.

Ana soke hukuncinta a sama?

Ana sokewa. A Agustan 2018 Trump ya ninka harajin ƙarfen Turkiyya daga kashi 25 zuwa 50. A Yulin 2020 ita da alƙalai Claire Kelly da Gary Katzmann suka ce ya yi hakan bayan wa'adin da doka ta ba shi ya wuce. Shekara guda bayan nan kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin da rinjayen biyu da ɗaya.

To me ya faru a 2025?

Kundin tsarin mulkin Amurka ya ba Majalisa ce ikon ɗora haraji da kuɗin fito, ba shugaban ƙasa ba. Shugaba yana taɓa kuɗin fito ne gwargwadon abin da Majalisa ta ara masa a cikin wata doka. A watan Fabrairun 2025 Trump ya sanar da haraji kan kayan Kanada da Meziko da China saboda safarar ƙwayar fentanil, a ranar 2 ga Afrilu kuma ya ɗora kashi 10 a kan kusan kowace ƙasa, da ƙari a kan wasu da dama. Ya dogara ne da wata doka ta 1977 da ta ba shugaba ikon ɗaukar matakan tattalin arziki a lokacin dokar ta-ɓaci, dokar da aka saba amfani da ita wajen ƙaƙaba takunkumi da riƙe kadarori. Kafin shi babu shugaban da ya taɓa ɗora kuɗin fito da ita.

Ƙananan kamfanoni biyar suka kai ƙara, na gaba a cikinsu V.O.S. Selections na New York. Jihohi 12 ƙarƙashin jagorancin Oregon suka shigar da tasu. Doka ta yarda a zaunar da alƙalai uku idan ana ƙalubalantar umarnin shugaban ƙasa, sai aka haɗa Restani da Katzmann, wanda Obama ya naɗa, da Timothy Reif, wanda Trump da kansa ya naɗa. A zaman sauraro Restani ta matsa wa lauyan gwamnati da tambayar ina iyakar wannan iko take, har ta kawo misalin ƙarancin markaɗaɗɗiyar gyaɗar da ake shafa wa burodi: shi ma zai iya zama dalilin ta-ɓaci?

Su ukun suka haɗu a kan matsaya ɗaya. Dokar 1977 ba ta ba shugaba iko marar iyaka na ɗora kowane haraji a kan kowace ƙasa ba. In giɓin cinikayya ne damuwar, akwai dokar 1974 da ta tanadi hakan, ta kuma ƙayyade kashi 15 da kwana 150. Harajin fentanil kuwa bai tunkari matsalar ƙwayar kai tsaye ba, matsin lamba ne kawai. Kamar maigida ne ya ce wa yaron shagonsa in gobara ta tashi ya rufe ƙofa ya kwashe kaya, sai yaron ya ɗauki wannan izini ya sauya farashin komai a shagon.

Washegari kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da aiwatar da hukuncin, aka ci gaba da karɓar kuɗin. A ranar 29 ga Agusta ta goyi bayan cewa harajin ya wuce hurumi, da rinjayen bakwai da huɗu. Kotun Ƙoli ta saurari bahasi a ranar 5 ga Nuwamba, kuma a ranar 20 ga Fabrairun 2026 ta yanke, shida da uku, cewa dokar 1977 ba ta ba shugaban ƙasa ikon ɗora kuɗin fito ba.

Ke nan Restani ta ce manufar harajin ba ta da kyau?

Ba ta ce ba. Hukuncin na ranar 28 ga Mayu ya fayyace cewa kotu ba ta auna hikima ko amfanin harajin, abin da ta duba shi ne ko doka ta ba da izini. Shi ya sa harajin ƙarfe da alminiyom da motoci, waɗanda aka ɗora da wata doka ta 1962 kan tsaron ƙasa, hukuncin bai taɓa su ba. Wani babban mashawarcin Fadar White House ya kira hukuncin juyin mulkin alƙalai. Ban yarda da shi ba. Tambayar da suka yi ita ce wadda kotun ke yi wa ƙaramin jami'in kwastan kullum: nuna mana layin da ya ba ka wannan iko. Tsohuwar Kotun Kwastan ma ta yi wa Shugaba Nixon irinta a 1974 kan ƙarin kashi 10 da ya ɗora a 1971, ko da yake an soke wancan hukunci a 1975.

Shekararta ta kai 77 a lokacin. Ba ta yi ritaya ba?

Alƙalan tarayya na Amurka ba su da shekarun ritaya na dole, saɓanin Najeriya inda gyaran tsarin mulki na 2023 ya tsayar da shekara 70 ga alƙalan manyan kotuna. Abin da suke da shi wani matsayi ne na dattijon alƙali. Wanda ya kai 65, kuma shekarunsa da na aikinsa suka haɗa 80, zai iya sakin kujerarsa a naɗa wani, shi kuma ya ci gaba da karɓar shari'o'i gwargwadon ƙarfinsa. Restani ta koma wannan matsayi a Maris ɗin 2015. Ban da aikin kotunta, ta sha zama a kotunan ɗaukaka ƙara na wasu shiyyoyi idan aka buƙaci ƙarin hannu, inda take sauraren shari'o'in laifi da na shige da fice da ba su da alaƙa da kwastan.

Ita ce mace ta farko a kotun?

A'a, an riga ta da shekara 55. Genevieve Cline, wadda Shugaba Coolidge ya naɗa a Kotun Kwastan a 1928, ita ce mace ta farko da ta zama alƙaliyar tarayya a Amurka. A kotun ne kuma Shugaba Truman ya naɗa Irvin Mollison, baƙar fata, a 1945, zamanin da wariyar launin fata ke kan ganiyarta. Ginin kotun ma sunan wani alƙali baƙar fata yake ɗauke da shi, James Watson, haifaffen unguwar Harlem da ke New York, tsohon sojan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda Shugaba Johnson ya naɗa a 1966. Abin da Restani ta fara shi ne shugabancin kotun: waɗanda suka riƙe shi tun 1980, Edward Re da Dominick DiCarlo da Gregory Carman, duk maza ne.

Wannan ya shafi ɗan kasuwar Najeriya? Zai iya kai ƙara can?

Ya shafe shi. A sanarwar 2 ga Afrilun 2025 an yanka wa kayan Najeriya kashi 14, daga watan Agusta kuma aka mayar da shi 15. Ɗanyen mai, wanda shi ne mafi yawan abin da Najeriya ke sayar wa Amurka, an tsame shi daga harajin, don haka nauyin ya fi faɗawa kan sauran kayayyaki. Mai fitar da riɗi ko citta ko zoɓo daga Kano ba shi ne ke biyan kwastan ɗin Amurka ba. Wanda ya karɓi kayan a can ne ke biya, sannan ya nemi ragi daga mai sayarwa ko ya ƙara wa masu saye. Saboda haka mai shigo da kayan ne yawanci ke da hurumin ƙorafi da neman a mayar masa da kuɗi. A shari'ar karya farashi ko tallafi kuwa, kamfanin ƙasar waje, har ma gwamnatinsa, na iya shiga ƙarar idan sun shiga binciken tun a gaban ma'aikatar.

A gida Najeriya babu kotun da ta keɓanta da wannan aiki kaɗai. Sashe na 251 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Babbar Kotun Tarayya hurumin shari'ar kwastan da kuɗin fito, tare da wasu fannoni da yawa kamar banki da kamfanoni da sufurin ruwa. Ita ma ta faro ne a 1973 a matsayin kotun kuɗin shiga ta tarayya, kafin a sauya mata suna a 1979.